GARGAƊI GA MASU JIRAGEN RUWA: ku yi hattara da mai musayar altanato

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu pinas da manyan kwale-kwale masu injin dizal da ke aiki tsakanin Yamai da Bubon har zuwa Ayoru. Akwai wani mutum da ke yawo bakin kogi kwanakin nan a kan babur, daga Gamkalle zuwa Harobanda, da jakar kayan aiki da mitar auna wuta a hannu, yana cewa shi mai gyaran wutar jirgi ne. Wallahi ɓarawo ne, altanatonku yake so, wato abin da ke cajin batir in inji na aiki.

Ga yadda yake yi. Sai ya ji kana kukan batir ba ya cika, da safe inji ya ƙi tashi, sai ya ce alhaji bari in auna maka kyauta, ya sa ka tada inji ka bar shi a ralanti, wato yana juyi a hankali ba a ba shi wuta ba, ya ɗora mita a kan batir ya nuna maka bolt 12.5 ko 12.8, ya girgiza kai ya ce ai altanato ya mutu. Nan take ya fiddo wani cikin kwali yana ƙyalli ya ce sabo ne daga Dubai, ka ba da jika 60 ka haɗa mishi da tsohon a matsayin ragi. Haka ya yi wa ƙanen babana. Da muka kai abin wajen mai gyara na gaskiya aka buɗe, tsoho ne aka fesa ma fenti ruwan azurfa, har kan kusoshi da kan wayar tagullar ciki fentin ya hau, sharbon, ɗan gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki, ya cinye saura ɗan guntu, diyod ɗaya, cikin abubuwan da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya zuwa batir, ya ƙone baƙi ƙirin. Na baba kuwa mai lafiya ya tafi, lambar wayar mutumin a kashe har yau.

Abin da ya fi ƙona min rai, ciwon jirgin baba ƙarami bai kai na dala ɗari ba. Wayar mas ce, wato wayar nagatif ta batir, ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a jikin inji, wani koren gari ya taru a wajen saboda lema, aka goge da sanfefa aka ɗaure shi ke nan.

Don Allah kafin kowa ya taɓa muku altanato ku auna da kanku, mita ba ta da tsada kuma yaron jirgi ma zai iya koyo. Batir mai bolt 12 in ya cika kuma inji a kashe yana nuna wajen 12.6. In an tada inji aka ɗan ba shi wuta, ba ralanti ba, domin a ralanti altanato da yawa ba sa ba da caji sosai kuma nan ne dabarar mutumin take, ya kamata ku ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ba ku gani ba kar ku yi saurin yanke hukunci, ku kai mitar bayan altanaton kansa, kan babbar kusar da wayar caji ke fita. In can yana ba da 14 amma a batir 13 ake gani, to altanato lafiyarsa lau, wutar a hanya take ɓacewa, ko waya ta yi siriri da tsawo, ko kan batir ya yi datti, ko mas. Bambancin bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A jirgi wannan shi ne ya fi yawa saboda kullum cikin ruwa da danshi ake.

Ku duba bel ɗin da ke juya altanato ma. In ya saki yana sulɓi za ku ji yana ƙara lokacin tashi, ku ga baƙar ƙura kusa da shi. Kuma ko an tabbatar ciwon a ciki yake, sau da yawa sharbon ne ko regilato mai daidaita ƙarfin caji, ana canza su kaɗai ba sai an sayi sabo ba.

Wani abu kuma, yana son cire kan batir inji na aiki wai gwaji yake. Kar ku yarda ko kaɗan!! Wannan kan iya ƙona diyod nan take, ya kashe muku abu mai lafiya a gaban idonku sannan ya ce kun gani ko.

Kar ku ba kowa tsohon altanatonku sai an ɗaura sabon an auna a gabanku da mitar da ba tashi ba. Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya kai ƙara komisariya mafi kusa ko wajen jandarma, ya tafi da kwalin da altanaton da ya ba shi. Ku tura ma 'yan uwa a WhatsApp, ku karanta ma dattawan da ba sa karatu, musamman masu zuwa kasuwar Bubon ranar Laraba da ta Ayoru ranar Lahadi, inda jirage ke taruwa da yawa.