Jama'a a kula da masu tallan rauta "mai cin kowane layi"

Salamu alaikum 'yan uwa na Birnin Kebbi, Jega, Argungu har Yauri. Akwai wasu samari da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook suna tallan rauta, wato na'urar da ake sa wa layi ta riƙa raba intanet ta Wi-Fi, wai an buɗe ta tana cin layin MTN da Airtel da Glo duka, wai kuma data ba ta saurin ƙarewa, kuɗinta ƙasa da na shago. Don Allah kar kowa ya tura musu ko sisi kafin ya karanta wannan.

Abin da suke yi, su sayi tsofaffin rauta kwance, su yi musu filashin, wato su sauya manhajar da ke cikinsu da manhajar gwaji, irin wadda kamfani ke saki don masu gwadawa su gano matsalolinta kafin a fito da ta gaske, wani lokacin ma ba ta wannan samfurin ba ce sam. Ranar farko lafiya lau, sabis cike. Daga baya sai ta fara mutuwa da kanta tana tashi, kana cikin tiransifa ko yaro na cike fom ɗin JAMB sai fitilu su ɗauke gaba ɗaya su dawo, bayan ɗan lokaci ta sake. Ka kira wanda ya sayar maka ya ce ai wutar unguwarku ce, ko zafin Kebbi ne, ko kawo a yi mata ofdet amma da ɗan kuɗin aiki, ka biya, ta sake, ka sake biya, daga ƙarshe lambar ta daina shiga. Masu POS da masu kafe su suka fi shan wannan wahala tunda su dole sai da sabis.

Gaskiya zafi da wuta suna iya sa rauta ta riƙa tashi, ba ƙarya ba ne, shi ya sa maganar tasu ke shiga kunne. Amma ai abu ne da ake gwadawa a gida. Juya ta ka duba takardar da ke manne ƙarƙashinta, in an rubuta 12V 1A to adaftar ma ta zama haka, don su kan haɗa ka da ƙaramar adafta wadda ba ta iya ɗaukarta. Sauke ta daga kan talabijin ko firji, sa ta inda iska ke ratsawa, in kana da inbata ko sola jona ta can. In duk ka yi haka tana nan tana mutuwa, musamman in wayoyi sun yi yawa a kai, to mai yiwuwa ciwon na cikin manhaja ne. Rauta na da wani mai gadi a cikinta, da manhaja ta daskare ko ma'ajiyarta ta cika sai ya kashe ta ya tayar, kuma manhajar gwaji ta fi kowace yawan daskarewa.

Shiga shafinta ta burauza, ka rubuta adireshinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka duba lambar manhajar. In ka ga beta ko test a jiki magana ta ƙare. Ka kuma gwada samfurin da shafin ya nuna da wanda ke jikin takardar, irin su TP-Link har V1, V2, V3 suke rubutawa, kuma manhajar wannan ba lallai ta zauna wa wancan ba.

Abin da ya fi tada min hankali ma ba mutuwar ba ce, kalmar sirrin admin, wato ta shiga saitin rautar, tana hannunsu, wasu sukan ƙi ba ka wai kar ka lalata saiti. Wallahi duk wanda ya hana ka makullin kayan da ka saya da kuɗinka ba mutumin kirki ba ne. In ka riga ka saya, sa tsinke ka danne maɓallin risit (Reset) da ke jikinta kamar daƙiƙa 10, ka canza kalmar sirri nan take. Sai dai risit saiti kawai yake gogewa, manhajar gwajin na nan daram, sai an sauko da ta ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, kuma kar wuta ta ɗauke ana tsakiyar sawa, in ta ɗauke rautar na iya mutuwa murus.

Wanda zai saya sabuwa ya je shago mai ƙofa, a kunna a gabansa, a ba shi rasit. A tura wa 'yan uwa masu POS don Allah.