Aika kayan gwari daga Jos zuwa Abuja: yadda na ga aikin masu motar asuba

Sana'ata kayan gwari ce. Ina saye a kasuwar Farin Gada, wani lokaci in sa a kawo min dankalin turawa daga Bokkos ko Mangu, in shirya a kwali da kwando in aika wa masu shaguna da gidajen abinci a Abuja. Kabeji, karas, latas, koren wake, koren tattasai, sai sitiroberi na yankin Vom idan hunturu ya kama. Ba ni da mota, kayana kuma ba su kai su cika motar kaya J5 ba, saboda haka cinikina gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan wanda zai ɗauki 'yan kwalayena ya sauke su da sauran ransu. Tun daminar bara nake hulɗa da wani ƙaramin kamfanin aika saƙo a nan Jos, kuma a kansa zan yi magana. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma irinsa sun yi yawa a gari yanzu, kusan duk tsarinsu ɗaya.

Da can tasha nake kai kaya. Duk wanda ya taɓa yin webil, wato aika kaya a motar fasinja ba tare da ya bi su ba, ya san yadda abin yake: ɗan kamasho ya dubi kaya ya yanka kuɗi da ido, direba ya ba ka lambarsa, sai a zauna jiran fasinja. Mota ba ta tashi sai ta cika. Idan ta cika da hantsi, kwalinka na cikin but ɗin mota ƙarƙashin jakunkunan mutane, an ɗaure murfi da igiya. Matsalar ita ce Jos na kan tudu, tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku, kuma wannan sanyin ne ya sa latas da sitiroberi ke yi a nan. Da zarar mota ta gangara Hawan Kibo an bar sanyin a baya. Ta isa Akwanga da tsakar rana, latas ya riga ya yi laushi, sitiroberi ya fara ruwa. Direbobin ba mugaye ba ne, da yawansu masu amana ne, amma fasinja suke yi wa aiki, kaya ƙari ne kawai.

Abin da ya sa na koma kamfanin nan shi ne lokaci. Suna karɓar kaya da yamma, su ɗora a sikeli, su rubuta rasit da sunan mai karɓa, motarsu kuma ta tashi bayan sallar asuba, ta cika ko ba ta cika ba. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Motar da ta bar Jos a wannan lokacin tana wuce gangaren kafin rana ta yi zafi, sannan ta iso Mararaba da Nyanya bayan cunkoson ma'aikata masu shiga Abuja ya fara sassauci. Yawanci kafin azahar mai gidan abinci ya kira ni ya ce, "Hajiya, kaya sun iso lafiya." Ba sa ɗora buhu a kan kwali, kuma da na nuna wa yaran lodi cewa sitiroberi a sama ake sa shi, ba su sake mantawa ba. A nan na yaba musu ƙwarai.

Kuɗinsu ya fi na tasha, wannan ba a ɓoye yake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kowa ya hau, nasu ma ya hau fiye da sau ɗaya. Amma awo ya fi min ciniki da ido, don ina iya faɗa wa mai saye kuɗin mota tun kafin in rufe kwali.

Inda suke da rauni, rabi laifinsu ne, rabi na hanya. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Daga Keffi zuwa Akwanga an yi tagwayen hanya, mota na tafiya salin-alin. Daga Akwanga ka karkato ta Gwantu da Forest ka hau Hawan Kibo zuwa Mararabar Jama'a kuwa, hanya ɗaya ce tilo, ga ramuka, ga tireloli da tankokin mai masu zuwa Bauchi da Gombe da Maiduguri duk a kanta, ga shingaye. Tirela ɗaya ta kwanta a hawan, kowa ya tsaya. Hakan ta faru da kayana a cikin damina: motar ta maƙale a layi, ba ta shiga Abuja ba sai dab da magariba, latas ɗin kuma ko kyauta ba a karɓa ba. Ban ga laifinsu a kan tirelar da ta faɗi ba. Laifinsu shi ne babu wanda ya kira ni, ni na yi ta neman su. Da an faɗa min da wuri, da na sanar da masu jira sun nemi na ranar a kasuwar Wuse ko Utako, ba su bar tukunya a kan wuta suna jirana ba. Da na je ofis neman a rage min asara, sai aka juya min bayan rasit: an rubuta da ƙananan haruffa, da Turanci, cewa ba sa biyan diyyar kayan da ke lalacewa. Na ce wa manajan, "Malam, ai wannan magana da baki ake faɗa wa mutum ranar farko. Mata nawa ne a Farin Gada za su karanta wannan?" Ya ba ni haƙuri, ya yafe min kuɗin lodi na gaba, amma ƙa'idar na nan yadda take.

Sai kuma bakin hanyar biyu, wanda ba a cika lissafa shi ba. A Jos ba sa zuwa kasuwa ɗaukar kaya, kai za ka kai musu. An hana acaɓa a cikin gari, don haka keke za ka yi shata, ka biya 'yan dako a ɗora, ka biya a sauke. A Abuja ofishinsu ake zuwa a karɓa. Mai saye da ke Gwarinpa ko Kubwa ko Lugbe sai ya tura mai babur ko tasi, wani lokaci kuɗin wannan 'yar tafiyar ya kusa kamo na Jos zuwa Abuja. Na rasa masu saye biyu ko uku a kan wannan kaɗai. Da za su riƙa sauke kaya a wuri biyu ko uku a kan hanyarsu ta shiga gari, da sun ƙara samun mutane.

Abin da ke ci min rai duk lokacin da na wuce ta Terminus shi ne, sunan unguwar ma daga tashar jirgin ƙasa ya samo asali. Saboda kuza Turawa suka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, sannan babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927. An rufe na Zariya a 1957. Wato shekara ɗari da suka wuce kaya na fita daga Jos a tarago, yau kuwa dankalin da ake ci a Legas da Fatakwal sai ya bi gangaren nan a bayan mota. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai biyo ta wajenmu ba. Akwai filin jirgin sama na Yakubu Gowon a Heipang, amma mai kwalin kabeji ba ta nan zai bi ba, kuɗin ya fi ƙarfin kayan. Tashar tsandauri ta kwantena da aka tsara a Heipang ɗin tun 2006, mu ƙananan 'yan kasuwa ba mu ga amfaninta ba tukuna. Mu ma da ke babban birnin jiha ke nan. Manomin Pankshin ko Shendam sai ya fara biyan wata motar ta kawo shi Jos kafin ya shiga wannan layin da nake kuka da shi.

Mai aika buhunan dankali masu yawa, kamfanin nan ba nasa ba ne. Ya je Maikatako ko kasuwar Mangu ya haɗa lodi da 'yan uwansa a babbar mota, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, dankali kuma yana jure kwana a hanya. Mai kaya kaɗan masu tsada da ba sa jure rana, irin nawa, shi zai ci moriyarsu, ni ma ina nan tare da su. Sai dai kafin ka biya, ka sa a rubuta maka lokacin tashin mota a jikin rasit, ka karɓi lambar direban da kansa ba ta ofis kaɗai ba, kuma idan damina ta yi nisa ka raba latas ɗinka gida biyu, kada ka zuba shi duka a mota ɗaya.