Safes kod ko kala kod: wanne za ka ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka ɗauka don aikin digirinka na biyu tsakanin safes kod da kala kod, wato hanyoyi biyu na gyara kuskure a kwamfutar kwantam. Ɗauki safes kod, kada ka tsaya dogon tunani.

Da shi na yi nawa aikin, a kan tsohuwar laftof wadda ana ɗauke wuta take mutuwa. Na sa Stim, manhajar Craig Gidney ta kyauta mai kwaikwayon kwamfutar kwantam, na haɗa ta da wata manhajar, PyMatching, domin gano inda kuskure ya faɗa. Da na sauke kuskuren kubit (ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantam) ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, sai ga layin kuskuren kod mai tazara 5 ya sauko ƙasan na mai tazara 3 a jadawali. Tazara ita ce mafi ƙarancin kurakuran da za su iya canza bayani ba a gano ba. Wallahi na daɗe ina kallon allon nan. Abin da Google ya nuna kenan a zahiri da guntun kwamfutarsa ta kwantam mai suna Willow a ƙarshen 2024: daga tazara 3 zuwa 5 zuwa 7, kowane hawa kuskure ya ragu da fiye da rabi. A safes kod, kowane kubit da maƙwabtansa huɗu kaɗai yake hulɗa, shi ya sa na'ura ke iya ɗauka. In za a yi aiki tsakanin kubit biyu da aka killace, wato aka kare kowanne a cikin facin kubit masu yawa, ɗinki ne kawai: a haɗa facin biyu ta gefe, a yi ta aunawa, a raba su. Inda zai ci maka kubit shi ne ƙofar T, ɗaya daga cikin ayyukan lissafin da ake yi wa kubit, waɗanda ake kira ƙofofi. A tsohuwar dabarar Bravyi da Kitaev ta 2005, sai an tace kubit na musamman guda 15 masu datti kafin a sami ɗaya mai tsabta da za a yi ƙofar T da shi.

Kala kod kuwa, gaskiya yana yin ƙofofin H da S da CNOT kai tsaye, kubit bi kubit. Amma awonsa na taɓa kubit shida lokaci guda, warware kuskurensa ciwon kai ne, kuma shi ma bai tsere wa ƙofar T ba. Eastin da Knill sun tabbatar tun 2009 cewa babu kod ɗin da zai ba ka dukkan ƙofofi kai tsaye.

Sannan ka yi hattara da masu tallan kwas ɗin kwantam na kuɗi, da masu shelar sun killace kubit da yawa. Tambaye su tazara nawa, kuma ko suna zubar da gwajin da ya lalace kafin su ƙirga. Kayan aikinka duk kyauta ne, kada kowa ya karɓi sisinka.