Kit ɗin gwajin ADN na ruwa, ga yadda ta kaya mani

Masu ta tambayata ta WhatsApp yaya kit ɗin nan, to ga amsa gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. Ni dai guda 6 na yi oda daga wani kamfani na Turai saboda memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, a kan kifin kogin Komadugu, kuɗin kuma kun san su, ba sai na tada wa kaina hawan jini ba. Sun iso Damagaram lafiya lau bayan sati uku, kowane da sirinjinsa da filtir da safar hannu da ɗan ruwan maganin da ke hana ADN ɗin, wato sinadarin gadon halitta da ke jikin kowane mai rai, lalacewa. Nan ba ni da ƙorafi.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne ba sai ka jefa taru ba. Kifi duk inda ya bi yana barin majinar jikinsa da kashi da ɓurɓushin fata masu ɗauke da ADN ɗinsa cikin ruwa, kai dai ka tace ruwan, labo, wato ɗakin gwaji, su karanta su faɗa maka wa da wa ya wuce. Tun 2008 aka gwada dabarar a Faransa a kan wani kwaɗo. Ni kuma kawara nake nema, wadda ke baro tafkin Chadi ta hau kogi in ruwa ya kawo, masunta suna ta cewa ta yi wuya, wasu na ɗora laifin a kan dam ɗin Tiga da Challawa na Kano, wasu kan janyewar tafkin.

To ranar aiki fa. Mun sha hanya ta Gure da Maine har Difa, ga neman izini kafin a bar ka ka kusanci bakin ruwa, na tsuguna na buɗe takarda ta ce a tace lita 2. Lita 2! Wanda ya rubuta wannan wallahi bai taɓa ganin Komadugu ba, ruwan ja ne jawur kamar kunun kanwa. Sirinji biyar kacal na tura filtir ya toshe, ko rubu'in lita da ƙyar. Na danna da babban yatsa, na danna da tafin hannu, ƙarshe na kafa shi a gwiwa na hau da ƙarfina sai ji na yi fau, filtir ya fice ruwan laka ya wanke mani fuska da riga. Kit guda ya tafi ke nan. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa gefe ya dube ni ya ce "ɗana, in kifi kake so ka faɗa mani, ba sai ka yi wa kogi allura ba". Na ce Baba yi haƙuri aikin makaranta ne. Har yanzu abokina da ya raka ni da wannan maganar yake tsokanata.

Sauran biyar ɗin haka na lallaɓa su, yatsana ya kwana uku a kumbure. Na dawo gida Zango na saka su a firigo sai kuran, wato lantarki, ya ɗauke kwana da yini, na ce shi ke nan an yi asara, don zafi da rana ke kashe ADN. Ashe maganin nan nasu na riƙewa, wannan kam na yaba masu.

Da sakamako ya zo bayan wata biyu raina ya yi fari, gaskiya ban zata ba. Daga ɗan ruwan nan da na raina sun fiddo karfasa, tarwaɗa, kurungu, gaiwa, har da dangin kawara a wuri biyu. Na kusa rubuto maku cewa kowa ya je ya saya.

Sai da na zauna na karanta a tsanake. Kawarar sun tsaya ne a sunan dangi, Alestes, ba su ce wace iri ba, wai kifayen yankinmu da yawa babu su cikin rumbun bayanan ADN da suke kwatantawa da shi. To ni kuwa iri guda nake bi, me zan ce wa malamina? Kuma gwajin ba ya faɗa maka yawan kifin, ba ya bambance mai rai da mushe, ruwa ma na iya ɗauko ADN ɗin daga can sama. Sannan a layin ƙarshe na ga sardin. Kifin teku a Komadugu! Sai can na tuna burodi da sardin ɗin gwangwani da muka ci kafin mu fara, wannan laifina ne na yarda, safar na saka bayan na taɓa sirinji.

Amma zancen toshewa ban yafe ba. Na rubuta masu har da hoton rigata, kwana 12 kafin su amsa, wai ai an rubuta a shafi na 4 cewa in ya toshe a dakata, kuma akwai wani filtir na ruwan laka da suke sayarwa daban. Me ya hana ku faɗa lokacin da na ce maku Nijar za a kawo? Kit ɗin da ya fashe ko uffan ba su ce a kai ba, na sake tura saƙo shekaranjiya ina jira.