Hattara da masu tallar "man giyar tsere" a waya

Jama'a, musamman masu BMW da Marsandi da matasan nan masu wasan mota, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Mutum zai ɗora bidiyon jarka mai ƙyalli, ya ce man giya ne na motocin tsere, daga Jamus ko Dubai, wai kowace mota yana shiga, kuma yana sa giya ta riƙa canzawa sumul ba fizga. Kuɗinsa bai kai rabin na dila ba. Ba shago, ba rasit, ka tura kuɗi a aiko maka ta tasha.

Kalmar "kowace mota" ɗin nan kaɗai ta isa ka ja baya. Marsandi mai giya bakwai, wato mai giyabos lamba 722.9, ita kanta mai iri biyu take sha: na farkon suna shan ja mai lamba 236.14, na baya kuma shuɗi mai lamba 236.15, kuma ba a musanya su. BMW mai giyabos ɗin kamfanin ZF, mai giya shida mansa daban, mai takwas daban. Toyota na da mai T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyabos ɗin Nissan da ake kira CVT kuma NS-2 ko NS-3. Giyabos ɗin Volkswagen da ake kira DSG, mai kuloci da ke jiƙe cikin mai, yana da nasa, galibi ana juye shi duk kilomita 60,000. To wane mai ne zai iya da waɗannan duka a jarka ɗaya?

Yadda suke yi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Suna bin gareji suna sayen jarkokin asali da aka juye aka yar, yaran gareji na murna sun samu na abinci. Sai a cika su da mai mafi arha, wani lokacin ma tsohon mai da aka tace, a zuba kala, a mayar da murfi. Jan da kake gani a man giya rini ne kawai, kowa zai iya zubawa. Don haka bakaniken da ya dangwala yatsa ya ɗaga a rana ya ce "Oga, wannan orijinal ne, dubi jansa", bai gwada komai ba, ko da zuciya ɗaya ya faɗa.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne ɓarnar ba ta bayyana ranar da aka zuba. Motar da ta daɗe da ƙonannen mai, ko me ka sabunta mata za ta ɗan yi laushi a kwanakin farko, har mai ita ya koma ya yi wa ɗan damfarar godiya, ya kuma turo abokai. Sai daga baya. Faifan kuloci na cikin giyabos an yi su ne su kama da wani daidaitaccen santsi. Idan man bai dace ba sai su riƙa zamewa, zafi ya ƙaru, garin da suke saki ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta ja ba, sannan ta fizge ka. Ka sa ribas ta yi jinkiri kafin ta ɗauka. Ƙarshenta ta maƙale a giya ɗaya, fitila ta kama a dashbod. Lokacin nan lambar mutumin ta daina shiga, laifin kuma ya faɗa kan bakanike ko a ce motar ce dama "ta gaji". Masu juya mota a wajen biki su ne ke fara gani, don zafin da suke ba giyabos ya ninka na kowa.

Masu manuwal ma ba su tsira ba. Akwai giyabos da ke buƙatar mai mai lamba GL-4, a ɗura masa GL-5 da sunan ya fi ƙarfi, alhali sinadaran cikinsa na iya cin zobban tagullar da ke sa giya ta shiga ba ƙara.

Kafin ka sayi komai, duba littafin motarka ko ka kai lambar shasi wajen dila a fitar maka da lambar man. Ka saya a shagon da za ka iya komawa gobe, ka karɓi rasit. Duba zoben murfin ko an taɓa tsinke shi, ko akwai gam ko mai a gefensa. A buɗe jarkar a gabanka, a zuba a gabanka. Idan an gama, karɓi wuƙa ka huda ta kafin ka bar garejin. Wanda ya riga ya faɗa hannunsu kuma, ya ajiye motar a zubar da man tun bai ƙarasa ta ba, ya adana jarkar da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙara ofishin hukumar kula da ingancin kaya, SON, ko ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, mafi kusa da shi.