Tarkon gizakar itacen pin: abin da na gani bayan hunturu guda

Duk wanda ya zauna a kudancin Faransa ya san fararen sheƙu masu kama da dunƙulen auduga da ke bayyana a kan rassan itacen pin, wani itace mai ganye kamar allura, idan hunturu ya shigo. Masu sheƙun nan wasu tsutsotsi ne masu gashi, dangin abin da muke kira gizaka a gida, waɗanda masana ke kira Thaumetopoea pityocampa. Suna cin ganyen itacen da dare, sa'annan tsakanin Janairu da Afrilu su sauko a jerin gwano, kan wannan a manne da wutsiyar wancan, su nemi ƙasa mai laushi su binne kansu, har lokacin da za su fito da fukafukai su sake yin ƙwai. Gashinsu yana ɗauke da guba mai jawo ƙaiƙayi da kumburin ido, wani lokaci har da sarƙewar numfashi, kuma karen da ya lashe su yana iya rasa wani ɓangare na harshensa. A shekarar 2022 gwamnatin Faransa ta saka su cikin jerin halittu masu illa ga lafiyar ɗan Adam.

Gidan da nake haya kusa da Montpellier yana da itatuwan pin biyu a tsakar gida, inda yarana ke wasa, shi ya sa a watan Disamba na sayi tarko irin wanda ake ɗaurawa a jikin itace. Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa: wani kwararo ne na roba da ke zagaye itacen kamar abin wuya, da bututu da ya sauka zuwa cikin wata leda wadda ake zuba wa ƙasa. Tsutsotsin da suka gangaro sukan tarar an tare musu hanya, sai su bi bututun su faɗa ledar, su shige ƙasar cikinta suna zaton sun iso inda suka nufa.

Wajen ɗaurawa ne na sha wahala. Ɓawon itacen pin duk tsage-tsage ne, kuma takardar bayanin da ta zo da tarkon ta ambaci toshe su a layi ɗaya kawai, alhali nan ne gaba ɗayan aikin yake. A itace na farko na yi gaggawa, na bar wata 'yar kafa da ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Wata safiya a watan Fabrairu na iske jerinsu ya bi ta nan, ya ratsa tsakar gida har bakin ƙofar kicin, dole na sa safar hannu da takunkumi na jiƙa su da ruwa kafin na kwashe, don kada gashin ya tashi a iska. A itace na biyu kuwa, inda na kankare ɓawon na cike kowace kafa da abin liƙi, ko ɗaya ba ta kuɓuta ba, har ledar ta yi nauyi kafin ƙarshen Maris.

Sai dai mai saye ya sani cewa tarkon ba ya hana su cin ganye, domin sai sun gama ɓarnarsu a sama suke saukowa, kuma gashin da ke cikin tsofaffin sheƙu yana nan da dafinsa. Kowane itace kuma da nasa tarkon, saboda haka mai itatuwa goma zai ji a aljihunsa, gara ya nemi masu feshin Bacillus thuringiensis, wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsotsi, tun kaka, lokacin da tsutsotsin ke ƙanana. Ga mai itace ɗaya ko biyu da ƙananan yara ko kare, ina ganin kuɗinsa bai tafi a banza ba. Bana zan sake ɗaura su tun farkon Disamba, leda kawai zan canja, kuma a wannan karon itace na farko zan fara kankarewa.