Kukan ƙura ko kukan ƙarewar plaket?

Alhaji, ka ce Corollarka tana yin "ƙiii" in ka taka birki, wani makanike a Garwa ya ce ƙura ce kawai, wani kuma ya ce plaket, wato takalman birkin da ke matse diski (faifan ƙarfen da ke juyawa da ƙafar mota), sun cinye, a canza. Kowannensu zai iya yin gaskiya. Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne yaushe take kukan, kuma amsar tana nan.

Kukan ƙura na safe ne. Ka tayar da mota, taka na farko da na biyu ta yi tsuwa, kafin ka haye gadar Binuwai ta yi shiru. Da hunturu ƙura ce ke kwanciya tsakanin plaket da diski. Da damina kuwa, ko bayan an wanke mota, tsatsa ce 'yar siririya, ja-ja, wadda za ka gani da idonka ta ramukan ƙafar, birki biyu uku sun share ta. Wannan ba ya cin ko sefa ɗaya.

Kukan ƙarewa ba ya jin safe ko yamma, kuma zafi ba ya korar sa. Yawancin plaket suna da wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, an sa shi da gangan don ya riƙa taɓa diski idan naman plaket ɗin, wato ɓangaren da ke gogar diski, ya kusa ƙarewa. Shi ya sa za ka ji shi kana tafiya a hankali ko ba ka taka komai ba, a wasu motocin ma in ka taka sai ya ɗauke. Sauke gilashi ka bi gefen katanga, sautin zai dawo maka sarai. Daga nan kuma ba maganar kunne ba ce, a cire ƙafa a duba. Sabon plaket namansa yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko 3, wato ɗan fiye da kaurin tsinken ashana, a canza, kuma hagu da dama tare. Ka tsaya a kansu su nuna maka plaket na ciki, wanda ke bayan diski, don ƙurar nan tamu tana maƙale sandunan da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da plaket yana matse su, ke zamewa a kai, sai na ciki ya cinye ƙaf alhali na waje yana nan da ƙibarsa. Man birki ma yakan yi ƙasa a kwalbarsa yayin da plaket ke sirancewa.

Akwai na tsakiya da ke ruɗa mutane. Wanda ya sauko gangaren Falez daga Ngaundare ƙafarsa na kan birki tun daga sama, plaket ɗinsa sukan gasu, fuskarsu ta yi sheƙi kamar madubi. Nama na nan, amma kuka ba dare ba rana, kuma kamu ya ragu. A goge da takardar yashi in bai yi nisa ba, gaba kuma a sauko da giya ta biyu ko ta uku.

In "ƙiii" ya koma "gurrr" har kana jin sa a tafin ƙafa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ni na taɓa ja da shi mako biyu ina cewa sai an yi albashi, da aka buɗe, diskin ya yi kwari-kwari kamar kunya a gona, na sayi plaket na sayi diski. Ɗan'uwansa a kunne shi ne tsakuwa da ta maƙale tsakanin diski da kwanon bayansa, amma ita ba ruwanta da takawarka, kuma sau da yawa ja da baya ke fitar da ita.

Kada dai ka bari yaron gareji ya fesa mai a kan diski don kashe kuka, kukan zai tafi da birkin duka. Gobe da safe ka saurara daga gida zuwa kasuwa. In har ka isa tana yi, makanike na biyu za ka koma wa.